Kafin a yanke wa ƙwaƙwalwar mota hukuncin ƙonewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da mutane iri biyu: masu motoci, da 'yan uwana masu gyaran wutar mota. Wannan ita ce sana'ata. Na shige ta tun lokacin da abin da ke cikin mota bai wuce waya da fiyus da rile ba, ga shi yau motar da ake kira ƙarama ma tana ɗauke da kwamfutoci fiye da goma, kowace da aikinta, kowace kuma tana jiran labari daga 'yar uwarta kafin ta motsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan waɗannan kwamfutocin, waɗanda muke kira ƙwaƙwalen mota, da nake gani an cire an jefar, wai sun ƙone, alhali lafiyarsu ƙalau. Mutum zai kunna motarsa ya ga fitilun dashbod sun kama gaba ɗaya: ta birki, ta injin, ta jakar iska, ta sitiyari. Allurar gudu ta kwanta, giya ta maƙale a wuri ɗaya ta ƙi canzawa, ko kuma motar ta ƙi tashi sam. Ya kai ta gareji, a jona mata kwamfutar bincike, sai lamba ta fito, U0100, na'urar ta rubuta a gefe cewa an daina jin ƙwaƙwalwar injin. Shi ke nan, an yanke hukunci. A sayo wata, a kira mai saita mukulli, a ɗaura, a kunna, sai ga fitilun nan sun dawo yadda suke. Daga nan a ce ai wadda aka sayo ɗin ce ba ta da kyau, ko a koma kan ta giya. An bar jaki ana dukan taiki, aljihun mai mota kuma yana ji a jikinsa.

Kafin mutum ya gane abin da lambar nan take faɗa, sai ya san yadda na'urorin ke magana da juna. A da, in wata na'ura tana buƙatar labari daga wata, sai a ja waya ta musamman tsakaninsu. Da na'urori suka yawaita, wayoyin suka zama kaya mai nauyi da tsada da wuyar bi. Kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ya fara neman mafita a 1983, ya gabatar da tsarin da ake kira CAN a 1986 a taron injiniyoyin mota a birnin Detroit na Amurka, a 1991 kuma Mercedes-Benz ya fito da shi a babbar motarsa. Daga 2008 duk sabuwar motar da za a sayar a Amurka dole ta yi magana da na'urar bincike ta wannan tsari, shi ya sa a yau da wuya ka buɗe mota ba ka same shi ba.

Tsarin kansa ba shi da wuyar fahimta. Wayoyi biyu ne a murɗe da juna, ɗaya ana ce mata CAN ta sama, ɗaya CAN ta ƙasa, suna bi ta cikin mota, kowace ƙwaƙwalwa ta rataya a jikinsu. Wadda take da labari sai ta sake shi a layin, kowa ya ji, mai buƙata ya ɗauka. Ƙwaƙwalwar birki, wato ABS, ita ce ke karanta gudun tayoyi. Da zarar ta faɗa, agogon dashbod ya ɗauka ya ɗaga allura, ƙwaƙwalwar giya ta ɗauka ta san lokacin canji, ta sitiyari ta ɗauka ta san ƙarfin da za ta taimaka wa direba da shi, ta jikin mota ta ɗauka ta kulle ƙofofi. In biyu suka fara magana a lokaci ɗaya, saƙon da lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ke wucewa, ɗayan ya jira, kuma masu ƙera mota suna ba wa saƙonnin da suka fi gaggawa ƙananan lambobi. To ka ga, ranar da ABS ta yi shiru, na'urori huɗu ko biyar za su kunna fitila a tare, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ta lalace.

Lambobin da ke farawa da harafin U su ne na matsalar sadarwa. U0100 na ƙwaƙwalwar injin ce, U0101 ta giya, U0121 ta birki, U0140 ta jikin mota, U0151 ta jakar iska, U0155 ta agogon dashbod. Abin da mutane ke mantawa shi ne, ba wadda aka ambata ce ta rubuta lambar ba, wata ce daban ta rubuta tana cewa ta saurara ba ta ji komai ba. Kamar mutum ne ya ce maka ya kira wane a waya bai same shi ba. Wannan bai isa a fara yi wa iyalansa ta'aziyya ba. Mai yiwuwa cajinsa ne ya ƙare, mai yiwuwa babu sabis a inda yake, mai yiwuwa ma wayar mai kiran ce ta lalace. Iyakar abin da lambar ta tabbatar shi ne magana ba ta iso ba. Dalilin rashin isowarta, wannan aikin mai gyara ne, kuma da mita, wato na'urar auna wuta, ake yin sa.

Abu na farko da nake roƙon 'yan uwana su daina shi ne goge lambobi tun kafin a rubuta su. Na sha ganin an jona kwamfuta, lambobi sun cika allo, mutum ya danna gogewa wai don ya ga waɗanda za su dawo. Ya share shaidar da motar ta tara masa ke nan. A fara bincika dukan ƙwaƙwalen da ke motar, a ɗauki hoton abin da kowace ta ce, a lura da lambar da take nan yanzu da wadda tsohuwa ce. Sannan a ɗauki takarda a rubuta: wa ya amsa wa na'urar bincike, wa ya ƙi amsawa, wa yake ƙarar wa. In biyar suna ƙarar guda ɗaya, ita kuma na'urarka ba ta iya shiga cikinta, to matsalar tana wajen wannan ɗayar, ko wutarta ko negatib ɗinta, wato wayar da ke mayar da wuta ta jikin mota, ko reshen wayar da ya kai gare ta. In guda ɗaya ce take ƙarar kowa, sauran kuma suna jin juna, to ita ce ba ta ji. In motar ta rabu gida biyu, na gaba suna jin juna, na baya suna jin juna, amma babu mai jin ɗaya ɓangaren, to layin ya yanke a tsakani, kuma taswirar wayoyi za ta nuna maka soket ɗin da ke kan iyakar. In kuwa babu wanda ya amsa ko ɗaya, to ko dai babban layin ne ya faɗi, ko kuma soket ɗin da ake jona na'urar binciken ne ba shi da wuta. Wannan takarda da biro kaɗai suna rage maka rabin aiki kafin ka kwance ko da noti ɗaya.

Bayan haka sai batir. Na san wasu za su ce mene ne haɗin batir da maganar kwamfuta, alhali mota tana tashi. Haɗin babba ne. Batir mai lafiya da ya cika yana nuna kusan bolt 12.6 in mota tana kashe. Lokacin da ake tada injin wutar takan sauka, amma in ta faɗi ƙasa da bolt 9.6 ko makamancin haka, wasu ƙwaƙwale sukan mutu na ɗan lokaci su sake farkawa, kuma a cikin wannan ƙiftawar ido sauran sun riga sun rubuta cewa ba su ji su ba. Shi ya sa in ka ga lambobin U birjik a kowace na'ura, duk tsofaffi, kowa yana ƙarar kowa, abin da za ka fara tambayar mai motar shi ne ko batirinsa ya sauka kwanan nan, ko an yi masa jona daga wata mota. Altaneta ma tana da nata laifin. In injin yana aiki ya kamata a ga wuta tsakanin bolt 13.5 da 14.7 a yawancin motoci, amma akwai altanetar da za ta ba ka wannan adadi daidai alhali ɗaya daga cikin dayod ɗinta, masu daidaita wutar da take bayarwa, ya mutu, tana zuba wuta mai rawa cikin mota, tana hargitsa saƙonni.

In batir ya fita daga zargi, sai a je wajen ƙwaƙwalwar da ta yi shiru a tambaye ta abu biyu: tana samun wuta, kuma negatib ɗinta yana da kyau? A nan ne ake yawan yaudaruwa. Mita ba ta jan wutar kirki, saboda haka wayar da ta ruɓe har saura siririn zare ɗaya za ta nuna maka bolt 12 cif, amma da an ɗora mata nauyi sai wutar ta ɓace. Ni nakan jona ƙwan fitilar gaba a kan wayar wutar in ga ko zai haska sosai. A kan wayar wuta kawai nake nufi, kada wanda ya kai ƙwan fitila kan wayoyin CAN. Negatib kuma ana auna shi ne mota tana kunne, sanda ɗaya a kan negatib na batir, ɗaya a kan ƙafar negatib ta ƙwaƙwalwar. Abin da za a gani bai kamata ya wuce bolt 0.1 zuwa 0.2 ba. In ya wuce, a bi wayar zuwa inda aka ɗaure ta a jikin mota. Sau da yawa tsatsa ce a ƙarƙashin notin, ko fenti ne da aka fesa bayan gyaran hatsari aka ɗaura wayar a kansa. Kada kuma a manta ƙwaƙwalwa ɗaya tana iya samun fiyus biyu ko uku, ɗaya na wutar dindindin, ɗaya na mukulli, ɗaya ta bayan rile. Duba guda ɗaya a ce fiyus lafiya ba bincike ba ne.

Akwai wata mota da aka jawo mini ba ta tashi, fankar radiyeta tana gudu iyakar ƙarfinta da zarar an murɗa mukulli, na'urar bincike kuma ba ta shiga ƙwaƙwalwar injin. Duk alamun da ake cewa na ƙonewa ne sun cika. Wuta tana zuwa, negatib lafiya. Da na auna wutar bolt 5 da ƙwaƙwalwar ke ba wa sensoci, ƙananan na'urorin da ke auna abubuwa suna kawo mata labari, sai na ga ta kwanta kusa da sifiri. Na fara zare sensocin da ke shan wannan wuta ɗaya bayan ɗaya, ina isowa kan sensar da ke auna matsin gas ɗin na'urar sanyaya mota, fanka ta tsaya, ƙwaƙwalwa ta amsa. Sensar ce ta haɗe a ciki ta janye wutar, ita kuma ƙwaƙwalwar da wannan wutar take rayuwa. Da an sayo sabuwa an ɗaura, da ita ma shiru za ta yi, domin abin da ya shaƙe tsohuwar yana nan a jone.

Sai a zo kan layin kansa. A layin CAN mai sauri akwai rizista biyu, wato ƙananan abubuwa masu tauye wuta, ɗaya a kowane ƙarshe, kowace om 120 (om shi ne ma'aunin ƙarfin tauyewar), galibi a ɓoye cikin ƙwaƙwale biyu da ke nesa da juna. Aikinsu su shanye saƙo in ya kai ƙarshen waya don kada ya dawo ya yi karo da na bayansa. Da yake a haɗe suke ta wayoyin nan biyu, in ka auna tsakani za ka ga om 60. A soket ɗin bincike mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ƙafa ta 6 ita ce CAN ta sama, ta 14 ita ce ta ƙasa, ta 16 wutar batir, ta 4 da ta 5 negatib. A kashe mota, a cire negatib na batir, a ɗan jira, sannan a auna tsakanin 6 da 14. In ka ga 60, rizistocin biyu suna nan kuma hanyar da ke tsakaninsu ba ta yanke ba. In ka ga 120, ɗaya ta fita daga lissafi, ko waya ta yanke ko soket ya saki ko an cire ƙwaƙwalwar da ke ɗauke da ita. In ka ga kusa da sifiri, wayoyin biyu sun haɗe. In ka ga 40, akwai rizista ta uku da ta shigo, kuma wannan kusan kullum alama ce ta an jona wani abu da ba na motar ba, ko an ɗaura ƙwaƙwalwar wata mota daban. A ƙara auna kowace waya da jikin mota, a tabbatar babu wadda ta taɓa ƙarfe.

Daga nan a mayar da batir, a kunna mukulli, a auna wuta. In babu mai magana, wayoyin biyu suna zama a bolt 2.5. In ana magana, ta sama takan hau zuwa 3.5, ta ƙasa ta sauka zuwa 1.5, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne saƙon. Murɗe su da aka yi da juna shi ke sa in wata hayaniyar wuta ta zo daga waje, ta same su daidai wa daida, bambancin bai canza ba. Da yake layin injin da birki yakan ɗauki ɗigon bayanai 500,000 a daƙiƙa ɗaya, mita ba za ta iya bin hawa da saukar ba, matsakaici kawai za ta nuna: ta sama wajen 2.6 ko 2.7, ta ƙasa wajen 2.3 ko 2.4. In ka tara lambobin biyu ka sami kusan 5, alama ce mai kyau. In ɗaya ta nuna 12, ta taɓa wayar wuta. In ta nuna sifiri, ta taɓa jiki. In dukansu sun tsaya cak a 2.5 babu motsi, ko sun haɗe ko babu mai magana.

Sai dai dole in ja kunne a nan, domin na ga masu koyo sun riƙe wannan om 60 kamar ita ce amsar komai. A motoci da yawa na yanzu, ƙafa ta 6 da ta 14 ba sa kaiwa ga babban layin. Suna tsayawa ne a wata ƙwaƙwalwa ta mahaɗa, wadda ke tsakanin layuka daban daban tana miƙa saƙo daga wannan zuwa wancan. A irin wannan mota, kana iya ganin lafiya a soket ɗin bincike alhali layin injin a kwance yake a bayan mahaɗar. Dole ka je soket ɗin ABS ko na injin ka auna a can. Haka kuma akwai CAN mai tafiya a hankali da wasu motoci ke amfani da ita a ƙofofi da kujeru da fitilu, wadda gwajin om 60 bai shafe ta ba sam. Ita in tana hutawa ta sama kusa da sifiri take, ta ƙasa kusa da bolt 5, kuma tana iya ci gaba da aiki ko da waya ɗaya ta yanke. Wanda bai san wannan ba zai ga lafiyayyen layi ya ce ya lalace. Ga kuma LIN, wani layin sadarwa mai waya ɗaya tal, da ake jona wa ƙananan abubuwa irin su madubi da gilashin taga da sensar batir da wasu altanetoci, ita kuma tsakanin wutar batir da kusan sifiri take hawa da sauka. Ba za a san wanne ake kai ba sai da taswirar wayoyin motar, ta shekararta da irin injinta. Aiki ba taswira lalube ne a cikin duhu. Abu ɗaya kuma da ba na sassauci a kansa: wayoyin jakar iska, waɗanda galibi ake yi wa soket ruwan ɗorawa, ba a kai musu mita don auna om. Ɗan wutar da mita ke turawa bai kamata ya kusanci abin da ke tayar da jakar ba.

Wani abu da mutane kaɗan suka sani shi ne, ƙwaƙwalwa tana iya yin shiru da gangan. Kowace tana riƙe da lissafin kurakuranta. In ta aika saƙo ya lalace a hanya, ta ƙara wa kanta 8. In ya isa lafiya, ta rage 1. Da lissafin ya haura 255, sai ta cire kanta daga layin gaba ɗaya don kada ta hana sauran magana. Wannan shi ne abin da lamba U0073 take nufi. An tsara haka ne don a kori mai ɓarna, amma lafiyayyar ƙwaƙwalwa da ke kan layi mai hayaniya ita ma haka za ta yi, musamman wadda ta fi kowa yawan magana, wato ta injin. Saboda haka wadda ta fara yin shiru tana iya zama wadda aka fi cuta. Akwai kuma lambobin da ke farawa da U04, kamar U0401 da U0415. Waɗannan suna cewa an ji magana sarai, amma abin da aka faɗa bai yi ma'ana ba. A nan wayoyin sadarwa ba su da laifi. Ka shiga ƙwaƙwalwar da aka ambata ka karanta nata lambobin, za ka tarar sensar taya ce ko wani abu makamancin haka ya ba ta labarin banza ita kuma ta isar.

In layi ya faɗi gaba ɗaya kuma waya ba ta nuna yankewa ba, hanyar da ta saura ita ce zare ƙwaƙwale ɗaya bayan ɗaya, ana kashe mukulli kafin kowace zarewa, ana kallon mita. Wadda aka zare layin ya farfaɗo, ita ko soket ɗinta ne mai laifi. A tuna in wadda aka zare tana ɗauke da rizista, awon zai koma 120, wannan ba sabuwar matsala ba ce. Amma kafin a taɓa kayan da motar ta zo da su, a fara neman abin da aka ƙara mata: na'urar bin sawu, rediyo mai allo, ƙararrawar ɓarayi, na'urar tada mota daga nesa, ko ɗan abin da ake cusawa a soket ɗin bincike a bar shi a can. Na taɓa samun motar da batirinta ke sauka duk bayan kwana biyu, an canza batir, an canza altaneta, ba ta daina ba. Ashe wata na'urar bin sawu ce aka fere wayoyin CAN aka naɗa mata, tana ta aika saƙo dare da rana. Mota in an kulle ta, ƙwaƙwalenta sukan yi barci bayan wasu mintuna, wutar da take ja ta sauka ƙasa da miliamfiya 50 a yawancin motoci. Wannan kuwa an hana ta barci.

Matsalar da ta fi wahala ita ce mai zuwa ta tafi. Mai mota ya ce jiya ta yi, yau ka kunna komai lafiya. A nan tambaya ta fi mita amfani. Yaushe take yi? In an taka rami? In injin ya yi zafi? In an buɗe ƙofa ko but? Bayan ruwan sama ko wanki? Wata mota da aka riga aka canza wa ƙwaƙwalwar injin da ta giya kafin ta iso gare ni, mai ita ya ce duk ranar da aka yi ruwa, washegari sai ta haukace. Na ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin ƙafar direba, sai ga soso a jiƙe, ga wani soket da wayoyin CAN ke haɗuwa a cikinsa ƙafafunsa sun yi kore shar. Bututun da ke fitar da ruwa daga tagar rufin motar ne ya toshe, ruwan ya bi ta cikin ginshiƙi ya sauko. Wuraren da nake fara dubawa su ne irin waɗannan: ƙarƙashin kafet, robar da wayoyi ke bi tsakanin ƙofa da jiki inda ake lanƙwasa su kullum, inda kunshin wayoyi ke gogar ƙarfe ko ya kusanci salansa, inda aka yi walda bayan hatsari, da inda ɓera ya samu mafaka. Kana girgiza kunshin wayoyin a hankali, idonka yana kan awo.

Don irin wannan ne nake ba duk mai son ya daɗe a sana'ar nan shawarar ya nemi osiloskop, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allo, ko da ƙarama ce mai layi biyu. A kan lafiyayyen layi za ka ga zane biyu, ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka daidai da juna, gefensu a miƙe. In rizista ta ɓace, gefen zai riƙa rawa. In negatib ɗin wata ƙwaƙwalwa ya lalace, saƙonninta kaɗai za su fito a karkace, na sauran kuma daidai. Kuskuren da ke zuwa ya wuce cikin ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, mita ba za ta taɓa ganin sa ba.

In an gano wurin, gyaran ma yana da ƙa'ida. Kada a huda waya da allura don awo a bar ramin a buɗe, ta nan ruwa zai shiga ya cinye ta nan da 'yan watanni. Kada a warware murɗin wayoyin biyu fiye da ɗan abin da ake buƙata, kada a ƙara wa ɗaya tsawo a bar ɗaya, kada a ja sabuwar waya guda ɗaya ta wata hanya daban. A haɗa da dalma ko matsi mai kyau, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a sake murɗe su yadda aka same su.

Ban ce ƙwaƙwalwa ba ta lalacewa ba. Tana lalacewa. Ruwa yana shiga cikinta, jona batir a juye yana ƙona ta, walda a jikin mota ba tare da cire batir ba tana kashe ta, wani lokacin ma ɗan abin da ke aika saƙo a cikinta ne kaɗai ke mutuwa. Amma ana kaiwa ga wannan hukunci ne bayan an tabbatar wuta tana isa gare ta da ƙarfinta, negatib ɗinta lafiya, wayoyin CAN biyu sun iso bakin soket ɗinta da awo daidai, ƙafafun soket ɗin ba su saki ba, babu sensar da ta janye mata wuta, kuma duk da haka ta ƙi magana. A lokacin ma sai an nemi abin da ya kashe ta, in ba haka ba sabuwar za ta bi sahunta. Sabuwar kuma sai lambar jikinta ta dace, sai an saita ta da lambar motar da mukullinta.

Malam Edita, ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Saura maganata da masu motoci. In aka ce maka ƙwaƙwalwar motarka ta ƙone, kana da haƙƙin ka yi tambaya, kuma mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. Ka ce a nuna maka lambobin da aka samu da wace na'ura ce ta rubuta kowace. Ka tambaya nawa aka samu da aka auna wutarta da negatib ɗinta, nawa layin ya nuna. Ka faɗi duk abin da aka yi wa motar kafin matsalar ta fara, ko da kana ganin ƙarami ne, ko rediyo aka sa, ko wanke injin aka yi, ko batir aka canza. Ka kuma yarda ka biya kuɗin bincike a matsayin aiki mai zaman kansa, domin muddin mai gyara ba ya samun komai sai in ya canza kaya, to kaya zai riƙa canzawa. In har an canza ɗin, ka karɓi tsohuwar ka ajiye ta. Idan matsalar ta dawo, da ita za a koma a fara binciken da ya kamata a yi tun farko, kuma saitin motarka da na mukullinka suna cikinta.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Wani mai gyaran wutar mota